Ado Har Tara a Filin Sukuwar Askot

Garin Redin ba ya cikin wuraren da mutum zai tashi takanas ya ce zai je Ingila don ya gani. Gari ne na ma'aikata da ɗalibai a yamma da Landan, tafiyar kamar rabin sa'a a jirgin ƙasa mai gudu. Zumunci ne ya kai ni can a watan Yunin 2023. Ɗan ƙanwata likita ne a wani asibiti a yankin, matarsa ta sauka lafiya, dangi suka ce tunda na bar wa yara shago a Kantin Kwari ba ni da wani uzuri, ni zan je barka a madadin kowa. Na sauka na tarar ana ta kukan zafi. Ni dai ban ga zafin ba, amma daga baya hukumar yanayi ta ƙasar ta ce ba a taɓa yin Yuni mai ɗumi irin wannan ba tun da aka fara ajiye lissafi.

Ana nan sai wani dare Likita, haka duk gidanmu muke kiransa, ya dawo daga aiki da labari. Wani abokin aikinsa Bature ya sayi tikiti biyu na sukuwar Askot, na ranar Alhamis 22 ga wata, sai aiki ya faɗo masa a ranar, ya ce Likita ya kai kawunsa ya buɗe ido. Ya miƙo mini waya in ga saƙon. A ƙarshensa mutumin ya rubuta "get your glad rags on". Na ce me ke nan kuma?

"Kawu, cewa ya yi mu sa tsummokaranmu na farin ciki."

"Tsumma? A gaban sarki?"

Ya yi dariya, ya ce ai haka suke kiran kayan ƙasan akwati in za a fita biki. Bature zai zuba kuɗi a kwat, ya kai ta guga, ya fesa turare, sannan ya kira ta tsumma don kada a ce ya ɗauki kansa da zafi.

Askot ƙaramin gari ne, kamar kilomita 10 daga fadar Winsa. Sarauniya Anne ce ta sa aka kafa filin sukuwar a 1711. Ana tsere a can lokuta da dama a shekara, amma babban taron shi ne na kwana biyar a watan Yuni, Talata zuwa Asabar, wanda gidan sarauta ke halarta, kuma mutum wajen 300,000 ke shiga a makon. Alhamis ita ce ranar Kofin Zinare, tseren da aka fara a 1807. Jama'a suna ce mata ranar mata, saboda ran nan ake gasar huluna ba tare da an ce gasa ce ba.

Likita ya buɗe ƙa'idojin sutura ya shiga karanto mini. Na yi shekaru ina auna yadi, amma ban taɓa jin an auna kayan jikin baƙo da inci kafin a bar shi ya shiga taro ba sai a nan. An raba wurin kashi huɗu. A ɓangaren sarauta, namiji sai da kwat mai jela, baƙa ko ruwan toka ko shuɗiya mai duhu, da falmaran, da laktaye, da doguwar malafa, da baƙin takalmi. Mace sai da hula, in kuma ɗan adon ka ne to gindinsa ya kai inci 4, igiyar kafaɗar riga kuma kada ta gaza inci 1. Ɓangaren da tikitinmu ya faɗa, mai sunan Sarauniya Anne, ya ɗan fi sauƙi: kwat da wando na yadi ɗaya, riga mai kwala, laktaye, da safa da ta rufe idon sawu. Maganar safa a 2018 aka shigar da ita doka, lokacin da samari suka tsiro da yayin sa takalmi ƙafa zalla. Akwai kuma ɓangaren Winsa, mafi araha, inda ba a tilasta wa kowa komai.

Na ce to ni ban sa kwat ina saurayi ba, ba zan fara da furfura ba. Mai jego, tana daga kujera tana jijjiga yaro, ita ta karɓi wayar ta gano layin da ya raba gardama: baƙi daga wasu ƙasashe suna iya zuwa da cikakkun kayan gargajiyarsu. Shi ke nan. Dama na zo da babbar riga ta farar shadda, ɗinkin hannu na Zariya, aska takwas, da 'yar ciki da wando da zanna, don Babbar Sallah saura ƙasa da mako guda. Shi Likita kwat ɗinsa ta yi masa kaɗan, zaman Turai ya karɓe shi, sai ya je ya yi haya.

Hayar kaya ba abin kunya ba ne a can. Kamfanin Moss Bros tun 1897 yake ba da hayar kayan fita, kuma da yawa cikin masu jela da malafa da za ka gani a Askot, ran Litinin kayan sun koma kanti. Kafin ranar mun shiga Landan, na ce a kai ni unguwar masu tufafi, don kowa da kiwon da ya karɓe shi. A titin St James's akwai shagon huluna na Lock & Co, wanda aka kafa a 1676. Suna da wata na'ura mai sanduna da yawa da ake kifa wa mutum a ka, ta fitar da siffar kansa a 'yar takarda, sannan a gyara malafar ta zauna daidai. An jera irin waɗannan takardu na manyan mutane a bango, wani kan dogo, wani a karkace. Doguwar malafa ta ainihin siliki, mai sheƙin nan, an daina saƙa yadinta tun shekarun 1960, saboda haka sai tsohuwa ake saye ko a gada. Kan mutanen wancan zamani bai kai na yanzu girma ba, don haka mai babban kai shi ke shan tsada.

A titin Jermyn, kusa da can, akwai mutum-mutumin wani da ake kira Beau Brummell, an kafa shi a 2002. An haife shi a 1778, abokin yarima ne wanda daga baya ya zama Sarki George na huɗu, kuma shi ake danganta wa sauya suturar mazan Ingila daga kyalkyali da launuka zuwa kwat mai duhu, farar riga tas, da wanka kullum. Bashin caca ya kore shi zuwa Faransa a 1816, ya mutu a can cikin talauci a 1840. A jikin mutum-mutumin an rubuta maganar da ake jingina masa, cewa mai ado na gaske shi ne wanda ba a lura da shi. Na tsaya na daɗe ina juya wannan magana. Mutum ya ɓata awoyi gaban madubi don kada a gan shi! Amma da na je Askot sai na ga a kan wannan igiya duk mazansu ke tafiya: a yi ado iya ado, a kuma nuna kamar ba a yi ba.

Ranar Alhamis tun da sassafe aka fara fama da riga. Shadda bugu take so, babu kuwa mabugi a Redin. Muka shimfiɗa bargo a ƙasan falo, Likita ya durƙusa da dutsen guga mai tururi, ina nuna masa inda karin ya bi don kada ya kashe shi, ina hana shi ɗora ƙarfe a kan aikin wuya. Da na zura ta, na naɗe hannuwan a kafaɗa, na karya hula, mai jego ta ce, "Kai, Kawu, yau an ƙure adaka. Allah ya sa a kashe lafiya."

Muna fitowa muka yi kiciɓis da maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da kullum tana cikin furanninta da almakashi. Ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dube mu sama da ƙasa, ta ɗaga gira, ta ce, "Look at you two, dressed to the nines!" Likita ya kama gefen kwat ɗinsa ya ce ai ta haya ce, gobe za ta koma. Ta yi dariya. Ni kuwa na ce mata na gode, da gaske nake, don na san rigata ta kai a yaba.

A hanyar tasha ya warware mini. In aka ce mutum ya yi ado har tara, ana nufin ya kai ƙarshe, babu abin da ya rage, daga hula har takalmi. Magana ce ta hira, ta baki da baki da shafukan nishaɗi na jarida, ba za ka gan ta a takardar gayyata ko wasiƙar ofis ba. Kullum taran a jam'i take zuwa, kuma ba ta canzawa: ba a cewa har takwas don wanda ya ɗan gaza, ba a cewa har goma don wanda ya zarce. Wasu sukan ce "dressed up to the nines", wasu "done up to the nines", duk abu ɗaya ne. Akasari a kan wani ake faɗa. In mutum ya faɗa a kan kansa, to ba'a yake yi wa kansa, ko kuma kuka zai biyo baya, irin a ce mun caɓa ado har tara muka je muka tarar an ɗage bikin.

"To yabo ne ko zolaya?"

"Kawu, duka biyun. Sai ka dubi gira."

Sannan ya kalli ƙirjin rigata ya ce saura aska ɗaya in cika. Na ce ya kiyaye ni.

Jirgin da ke tashi daga Redin zuwa tashar Waterloo ta Landan ta Askot yake bi. A Wokingham da Bracknell aka yi ta shigowa, har tarago ya cika da gashin tsuntsu da turare. Mata suna zaune a karkace don kada hula ta taɓa taga. Wata hular faɗinta ya fi kafaɗun mai ita, duk wanda zai wuce sai ya sunkuya. Maza kuwa kusan kamanninsu ɗaya, toka-toka da baƙi, bambancin yana a falmaran da ɗan ƙyallen aljihu. Na lura da yadin. Ulu mai kyau ba ya ɓuya, yana zuba a jiki, na haya kuma yana ɗan sheƙi a gwiwar hannu. Ban ce komai ba saboda Likita.

Daga tasha zuwa ƙofar fili 'yar tafiya ce ta ƙasa da minti goma, a hau tudu kaɗan. Masu tsaron ƙofa dattawa ne da 'yan huluna masu ƙoƙo, ba sa ɗaga murya. A gabanmu aka tare wani saurayi, kwat tsaf, takalmi na sheƙi, idon sawu a waje. Aka yi masa magana a hankali har da murmushi, amma bai wuce ba sai da ya nemo safa. Da aka zo kaina dattijon ya dubi rigar, ya dubi hular, ya ɗan rusuna ya ba ni hanya. Daga nan har yamma ban huta da masu neman hoto ba. Wata ta tambaya ko ni sarki ne. Na ce a'a, ɗan kasuwa ne mai ritaya. Ba ta yarda ba.

Ƙarfe biyu daidai sarki ke isowa, al'adar da George na huɗu ya fara a 1825. Wannan ne karo na farko da Charles ya zo taron a matsayin sarki, watanni tara bayan rasuwar mahaifiyarsa, makonni kaɗan bayan naɗinsa. Kekunan doki huɗu ne buɗaɗɗu, suna shigowa ta can ƙarshen fili, su miƙo ta gaban jama'a. Babu direba a kan keken, mahaya ne a bayan dawakan da ke ja, na gaba farare ne. Aka busa taken ƙasa, maza suka cire malafa. Kafin in gyara tsayuwa an wuce. Wanda ya saba da Hawan Daushe, inda doki ke shan ado har ba a ganin fatarsa, ga kakaki ga bindiga ga jahi, zai ce yaushe za a fara? A nan abin a juye yake. Dokin tsere kusan tsirara yake, da ɗan sirdi da bai fi tafin hannu biyu ba, adon duk yana jikin 'yan kallo.

Ƙafa ta gaji, na sami benci a inuwa, Likita ya tafi neman ruwa. Kusa da ni wani dattijo ne da matarsa, mutanen Sikotland, tsohon malamin makaranta. Ya nemi izini ya taɓa aikin rigar, ya tambayi wata nawa ake yi ana ɗinka shi. Hira ta yi hira, na ce masa yau an ce na yi ado har tara, me ya sa tara? Ashe na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Matar ta juya ido, alamar ta sha jin karatun.

Ya ce labaran da ake bayarwa suna da yawa. Na farko, wai tela yana buƙatar yadi tara kafin ya fitar da cikakkiyar kwat ta babban mutum. Nan na tare shi, don an shigo gonata. Kwat da wando da falmaran, a yadi mai faɗi, huɗu zuwa biyar sun isa ƙato. Rigar da ke jikina da 'yar cikinta da wandonta ita ce ke cin yadi goma. Duk telan da ya karɓi tara a kan kwat, ya ɗinka wa ɗansa da ragowar. Ya buga cinya yana dariya, ya ce shi ma bai taɓa yarda da wannan ba.

Na biyu, wai daga wata rundunar soja ce, ta 99, da ta yi suna wajen tsafta da kyan kaki a tsakiyar ƙarni na 19. Ya ce labarin yana da daɗi, sai dai an kafa rundunar a 1824, alhali maganar ta girme ta da sama da shekara ɗari. A 1719 wani mawaƙin ƙasarsu, William Hamilton, ya rubuta wa abokinsa Allan Ramsay wasiƙa a waƙe, ya ce baitocinsa sun gamsar da shi har tara. Babban mawaƙinsu Robert Burns ma ya yi amfani da ita a ƙarshen wannan ƙarni. A lokacin ba ruwanta da tufafi, duk abin da aka yi shi ya kai maƙura ana iya cewa ya kai tara. Sai a ƙarni na 19 ta manne wa sutura, har yau kuma ba ta sake ta ba. Akwai masu kai ta ga allolin fasaha tara na tsoffin Girkawa, akwai masu cewa tara ita ce babbar lamba kafin a koma sifiri. Masana harshen ba su tsayar da ko ɗaya a matsayin tabbas ba. Abin da dattijon ya riƙe da ƙarfi shi ne a Sikotland aka fara ganinta a rubuce, kuma ya so in kai wannan labari gida.

Na ce masa mu kuwa a wajenmu tara lambar gazawa ce. Muna cewa ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. In ka ce wa Bahaushe ya kai tara, ka gaya masa da sauransa ke nan. Ya yi shiru, sannan ya ce wannan ya fi dacewa da mutanen da ke gabanmu. Ya nuna wani mai doguwar malafa da ta faɗo masa har kunne, ta haya ce ko ta kakansa. Matar ta ce ya isa haka, a bar baƙo ya ga doki.

Dokin kuwa an gan shi. A tsere na biyu wani doki mai suna Desert Hero, na sarki, wanda marigayiya Sarauniya Elizabeth ta yi kiwon asalinsa, ya kutso ta tsakiya ya ci da tazarar kai ɗaya. Wannan ne cin farko na Charles a taron yana sarki. Mutanen da tun safe suke magana ƙasa-ƙasa suka ɓarke da ihu, malafa ta tashi sama, aka nuno sarki a babban allo idonsa ya kawo ruwa. Uwarsa ta san daɗin wurin nan: a 2013 goɗiyarta Estimate ta ci Kofin Zinare, karo na farko da mai mulki yana kan gado ya ci shi.

Kofin Zinaren tsere ne mai nisa, mil biyu da rabi, wajen mita 4,000, minti huɗu da 'yan kai. Duk idanu suna kan Frankie Dettori, mahayi ɗan Italiya mai shekara 52, wanda ya riga ya ce wannan ce shekararsa ta ƙarshe, ko da yake daga baya ya fasa ya koma Amurka da hawa. Akwai mutum-mutuminsa a filin, saboda a 1996 ya cinye tsere bakwai na yini guda a nan. Dokinsa, Courage Mon Ami, na gidan dawakin Sarkin Qatar ne. Kuɗin Larabawa ya daɗe da shiga sukuwar Ingila, shuɗiyar rigar mahayan Godolphin, gidan dawakin Dubai, ma tana ko'ina. Dettori ya zauna a baya, ya bari aka gaji, sannan ya fito ya kama na gaba dab da layi. Da ya dawo ya yi tsallensa da aka san shi da shi daga kan sirdi, hannuwa sama. Mai sanarwa ya ce wannan ne Kofin Zinarensa na tara. Likita ya dafa ni ya ce, "Kawu, yau dai tara ta bi ka." Dattijon Sikotland yana can yana ɗaga mini yatsu tara daga nesa.

Ba zan ɓoye ba, rabin abin da ke tara jama'ar nan caca ce, sauran rabin kuma kwalba. Masu karɓar caca suna jere da allunansu gaban rumfa, mutum ya miƙa kuɗi da safar hannu da ladabi, bayan minti biyu ya yaga takarda ya zubar. Mu namu kallo ne da ruwan lemo. Tun wajen la'asar adon ya fara kwancewa. Laktaye ya saki, kwat ta koma kafaɗa, masu ulu sun jiƙe da gumi, ni kuwa iska na shiga ta ko'ina. Takalmi mai tsini da ciyawa ba sa shiri, mata da yawa sun riƙe nasu a hannu suna takawa a ƙasa. Bayan tsere na ƙarshe aka taru wajen rumfar 'yan badujala, aka rarraba 'yan tutoci, dubban mutane suna rera tsoffin waƙoƙinsu, mai malafar gado da mai ta haya kafaɗa da kafaɗa. A nan wani saurayi ya juyo da kofi a hannu ya tuttule mini jan abin shansa a hannun riga. Ya ba da haƙuri har na gaji da amsawa. Na ce ba komai, amma raina ya ɓaci, farar shadda ce.

Kafaɗa da kafaɗar nan ta yamma ce kawai. Da rana kowa yana cikin shingensa. Ɓangaren sarauta ba a shigarsa da kuɗi zalla, sai wasu 'yan ciki sun tsaya maka, kuma har zuwa 1955 wanda aurensa ya mutu ba ya shiga. Inci 4 da inci 1 ɗin nan ba don kyau kaɗai aka sa su ba, suna nuna wanda ya san dawan garin da wanda ya zo jiya. A ganina shi ya sa bakinsu bai iya yabon ado kai tsaye ba. Wanda ya gaji abin ba ya so a ga ya yi ƙoƙari, wanda ya yi haya kuma yana tsoron a gane, sai kowa ya fake da raha. Mu in mutum ya yi kyau sai a ce ya yi kyau, har a nemi tukuici, shi kuma ya baza hannun riga ya ƙara juyawa. Na fi son namu. Amma na yarda nasu yana da amfani guda: da kalma ɗaya za su yabe ka su kuma ja maka kunne, ba wanda ya ji kunya.

A jirgin komawa na ji ɗaya gefen harshen. Wasu mata biyu a bayanmu suna gulmar wata dattijuwa mai gajeriyar riga, ɗaya ta raɗa "mutton dressed as lamb". Likita ya fassara mini a kunne: tsohuwar tunkiya da shigar 'yar rago, wato babba da kayan yara. Ya ce akwai kuma "like a dog's dinner", adon da ya yi yawa har ya zama hargitsi, an kwatanta shi da abincin kare. Waɗannan ba a faɗarsu a gaban mutum sai in faɗa ake nema. Tsakaninsu da ado har tara tazarar ba ta da yawa, gashin jimina ɗaya zai iya tsallakar da mace daga wannan zuwa wancan, kuma ba ita ke yanke hukunci ba, na bayanta ne. Muka isa gida rana ba ta faɗi ba, don a wannan lokaci sai bayan tara na dare ake magariba. Na tuɓe rigar, na yi alwala, na haɗa azahar da la'asar.

Washegari muka fita da kaya biyu. A shagon haya layi ne na maza da jakunkunan kwat a hannu, kowa ya koma wandon jins da fuskar gajiya, ma'aikaciya tana duba aljihu da kwala tana cire tsoffin takardun caca. Daga nan muka wuce wajen mai wanki. Mutumin ya zaro rigata daga leda ya fara warwarewa, yana ja tana zuwa, har ta rufe kantar ta zubo ƙasa ta ɓangarensa. Ya nemi hannu bai gani ba, ya nemi maɓalli bai gani ba. Ya duba jerin farashinsa daga sama har ƙasa, ya kira matarsa daga ciki, suka yi shawara. Likita ya yi masa bayani cewa riga ce, ta mutum ɗaya, kuma kada a ɗora ƙarfe a kan aikin. Ya ce ya ji, amma ba shi da layin da zai rubuta ta. A rasit ɗin da ya ba mu an rubuta labule, falle biyu, kuma kuɗin labule falle biyu muka biya.